Ƙaya, Ƙaddara da Haƙƙin Gane Cuta

Daga cikin tambayoyin da malaman addini suka daɗe suna juyawa akwai matsayin ƙaddara a cikin cutar da take da magani amma ba a gane ta da wuri ba, kuma tambayar tana fitowa fili a cutar maisitoma, wadda ake kira ƙafar Madura saboda a Madurai ta kudancin Indiya ne wani likita mai suna Gill ya bayyana ta a 1842, kafin Vandyke Carter ya raɗa mata sunan da take amsawa yau a 1860. Cuta ce ta fata da naman da ke ƙarƙashinta, tana yawaita a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama, daga Meziko zuwa Senegal, Mali, Nijar, arewacin Nijeriya, Chadi, Sudan, Yaman da Indiya, kuma waɗanda ta fi kamawa su ne samari majiya ƙarfi, manoma da makiyaya, waɗanda babu wani ciwo da ya raunana garkuwar jikinsu.

Ƙwayar cutar tana zaune ne a cikin ƙasa, tana shiga jiki ta ƙaramin rauni, yawanci sukar ƙaya irin ta bagaruwa da danginta, a ƙafar wanda ke yawo ba takalmi ko da silifa kawai. Bayan watanni, wani lokaci ma shekaru, sai wani ɗan kulluttu mai tauri ya bayyana, ba zafi ba zazzaɓi, yana girma a hankali har ya huje ta wurare da dama, ruwa da mugunya suna tsattsafowa tare da wasu 'yan tsaba masu kama da yashi, baƙaƙe ko farare ko rawaya ko jajaye. Waɗannan tsaba dunƙulen ƙwayar cutar ne, kuma mai jinya kan gan su a jikin tsumman da ya ɗaure ƙafar da shi ba tare da ya san cewa su ne shaidar da likita yake nema ba. Idan aka bar ciwon, yakan ci nama ya kai ga ƙashi, kuma a nan ne sau da yawa ake kai wa ga yanke ƙafar.

Abu na farko da wannan cuta take jarrabawa shi ne yadda hankalin ɗan Adam yake neman dalili. Mutum yakan karɓi ciwon tsoho ko na mai rauni ba tare da dogon tunani ba, amma idan saurayi mai noma gona shi kaɗai ya wayi gari ƙafarsa tana zubar da baƙar tsaba, alhali 'yan uwansa sun taka ƙaya iri ɗaya lafiya lau, zuciya ba ta son yarda cewa ƙaya ce sanadi, sai ta koma neman maƙiyi, a ce jifa ne, ko sammu ya taka, ko wani ne ya binne masa abu a hanyar gona. Daga nan sai a nufi wanzami a yi tsaga ko sakiya, a shafa sassaƙe, a sha rubutu, shekara ta zagayo ƙafar tana ƙara kumbura. Illar wannan zato ta wuce ɓata lokaci, domin yana ɗora laifi a kan maƙwabci ko kishiyar uwa da ba su ji ba ba su gani ba, kuma mummunan zato zunubi ne mai zaman kansa a shari'a. Imani da ƙaddara na gaskiya ya fi wannan sauƙi da adalci, tunda yana karantar da cewa Allah yana gudanar da hukuncinsa ta sabubba, manya da ƙanana, kuma ƙwayar da ido ba ya gani tana cikin halittunsa kamar yadda ƙaya take.

Abu na biyu ya fi wuya, wato ma'anar haƙuri. Ciwo mai raɗaɗi shi da kansa yake kora mutum asibiti, amma wanda ba ya zafi yana barin mai shi ya ci gaba da huɗa da kiwo, har a riƙa yaba masa cewa jarumi ne mai haƙuri da jarrabawa. Malaman fiƙihu na da sun saɓa a kan hukuncin neman magani, wasu suka ce halal ne kawai, wasu suka ce mustahabbi ne, saboda a zamaninsu yawancin magunguna zato ne ba tabbas ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta rarrabe mas'alar, ta ce neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. Maisitoma ta faɗa cikin wannan hukunci sarai, domin ƙaramin kulluttu ana iya cire shi a warke, amma wanda ya ci ƙashi da wuya a ceci ƙafar. Ke nan wurin haƙuri a wannan cuta shi ne jurewa dogon magani, wanda kan ɗauki shekara guda ko fiye, da jurewa tiyata da yawan komawa asibiti, kuma wannan haƙurin ya fi zaman jira nauyi nesa ba kusa ba.

Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir yana nuna cewa kowace cuta tana da magani, amma ya rataya waraka, da izinin Allah, a kan dacewar maganin da cutar, kuma wannan sharaɗi shi ne ya mayar da gane cuta wani ɓangare na tawakkali. Maisitoma iri biyu ce waɗanda ido ba ya iya rabewa da tabbas. Ɗaya dangin funfuna ne ke haddasa ta, wato irin halittar da ke kawo makero da ƙyasfi a saman fata, sai dai wannan tana nutsewa cikin nama, kuma mafi shahara a Afirka ita ce Madurella mycetomatis mai baƙar tsaba. Ɗayar kuma bakteriya ce ke kawo ta, ta fi saurin yaɗuwa amma ta fi jin magani, domin ƙwayar Septrin, wani lokaci tare da allurar amikasin, tana warkar da mafi yawan masu ita. Waɗannan magunguna ba sa taɓa funfuna ko kaɗan, ita sai an sha itirakonazol kullum na tsawon watanni sannan a yi tiyata, ga tsada, ga yiwuwar ta dawo. Rabe iri biyun yana buƙatar a duba tsabar a madubin likita, a shuka ta a ɗakin gwaji, a yi hoton sikanin, a wasu cibiyoyi kuma a gwada ƙwayoyin gadonta. Mai jinyar da aka yi ta ba maganin bakteriya a kemis alhali funfuna ce a ƙafarsa ya riƙi sababi, amma sababin da bai dace ba, kuma laifin wannan ba nasa ba ne.

A nan ne tambayar take tashi daga wuyan mutum ɗaya ta koma wuyan al'umma. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato aikin da idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya bari kowa ya yi laifi, har ya koka da yadda garuruwa suka cika da masu karatun fiƙihu alhali likitoci Musulmi sun yi ƙaranci. Malamai kuma sun bambanta tsakanin kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta riga ta auku, wanda yake sanyaya zuciya kuma ya halatta, da kafa hujja da ita a kan sakaci, wanda bai halatta ba. Manomin da aka yanke wa ƙafa yana da haƙƙin ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya sami natsuwa da lada. Hukumar da ba ta koya wa ma'aikacin asibitin karkara kamannin cutar ba, ba ta da wannan haƙƙi.

Mai hankali zai iya cewa ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe wa yara ba ta da rarar kuɗin da za ta kashe a kan cutar da ba kasafai ake gani ba, kuma maganar tana da nauyi. Sai dai wani ɓangare na ƙarancin ya samo asali ne daga rashin ƙirga, domin masu cutar talakawan ƙauye ne da yawancinsu ba sa shiga kundin asibiti, sannan abin da ake nema a matakin farko ba shi da tsada: takalmi mai rufe ƙafa, wanke rauni, da ma'aikacin lafiya wanda idan ya ga kumburi mai huji da tsaba zai tura mai shi babban asibiti maimakon ya tsaga.

Sudan ta nuna yadda ake sauke wannan farilla. A 1991 aka kafa Cibiyar Binciken Maisitoma a Jami'ar Khartum ƙarƙashin Farfesa Ahmed Hassan Fahal, ta duba dubban masu jinya, da yawansu daga Jazira da Sinnar inda Hausawa ma suka daɗe da zama suna noma, kuma ƙoƙarinta yana cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a 2016. A 2017 aka fara gwajin wani sabon magani a can, fosrabukonazol, tare da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan. Bai fi itirakonazol warkarwa ba, amma sau ɗaya ake shan sa a mako, abin da yake babban sauƙi ga mai zuwa daga nesa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dakatar da aikin cibiyar a Khartum, ya yanke wa masu jinya da dama magani a tsakiyar hanya, kuma wannan ya ƙara nauyin gane cutar da kula da masu ita a kan jami'o'i da asibitocin koyarwa na sauran ƙasashen da take cikinsu, har da na Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai.