Kyautar Da Ke Rufa Asiri

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda a ke yi kowace shekara idan Kirsimati ta gabato. A kan ajiye manyan akwatunan kwali a ƙofofin kantuna, da ofisoshi, da majami'u. Wanda ya ke da hali ya kan sayi abin wasan yara, ko 'yar tsana, ko ƙwallo, ko ƙaramar mota, ya jefa a ciki. Sa'an nan waɗansu mutane su kan ba da kansu ga aikin ba tare da biya ba. Su ne ke kwashe kayan su kai ma'aji, su rarrabe na 'yan mata da na 'yan maza, na ƙanana da na manya, su shirya su domin gidajen da talauci ya hana su saya wa 'ya'yansu kome. Mai wannan aiki ya kan bar ɗakinsa cikin sanyin Disamba, ya yini a tsaye, ba ya karɓar ko anini.

Mafi shahara cikin irin wannan aiki shi ne wanda a ke kira Toys for Tots, wato kayan wasa domin ƙananan yara. An fara shi a birnin Los Anjeles a shekara ta 1947. Wata mace mai suna Diane Hendricks ta ɗinka 'yar tsana, ta ce wa mijinta, Manjo Bill Hendricks, ya kai wa wata ƙungiya da za ta ba yarinyar da ba ta da ita. Ya nema bai sami irin wannan ƙungiya ba, sai shi da abokansa sojoji suka kafa ta. A shekarar nan suka tara kayan wasa 5,000. A 1948 rundunarsu ta karɓi aikin ta yaɗa shi ko'ina cikin ƙasar. Da fari su kan karɓi tsofaffin kaya su gyara, amma tun daga 1980 sai sababbi kaɗai su ke rabawa.

Lalle wannan aikin kirki ne, ba mu kuwa ɗauko labarinsa domin mu kushe shi ba. Amma akwai tambaya guda da ta kamata kowane mai irin wannan hidima ya yi wa kansa, mu ma ta shafe mu. Sa'ad da yaro ya karɓi abin wasa daga hannun baƙo, yana tsalle yana murna, ubansa kuwa yana tsaye yana kallo, me ke faruwa cikin zuciyar uban?

Wataƙila wani zai ce, ai abin wasa ba abinci ba ne, don me za a ɓata lokaci a kansa? Amma duk wanda ya taɓa ganin uba yana fafe karan dawa yana yi wa ɗansa mota ya san amsar. Ubangijinmu da kansa, cikin Matta sura 7, ya kafa misali da iyaye, cewa ko da ya ke su masu zunubi ne, sun san yadda za su ba 'ya'yansu kyawawan kyautai. Ashe ba yaro kyauta yana cikin darajar da Allah ya ba uba da uwa. Wanda talauci ya hana shi wannan, ya rasa abu biyu: ɗansa ba shi da abin wasa, shi kuma ba shi da abin miƙawa. Mai taimako ya kan ga rashi na farko nan da nan. Na biyun ba ya ganuwa sai ga mai lura.

Wani bawan Allah mai suna Robert Lupton ya yi shekaru yana aiki cikin matalautan birnin Atlanta. Kowace Kirsimati ya kan haɗa gidajen masu hali da gidajen marasa hali, masu halin su sayi kyautai su kai da kansu har gida. Yana ganin abin yana tafiya daidai, har shekara ta 1981 da ya ƙaura da iyalinsa ya zauna cikin unguwar matalautan. A jajibirin Kirsimati na shekarar nan yana zaune a ɗakin wani maƙwabcinsa sa'ad da masu kyauta suka ƙwanƙwasa ƙofa, hannuwansu cike da kaya. Yara suka yi ta murna. Uwar ta yi godiya, amma da ɗan nauyin fuska. Uban kuwa, da aka duba, ba ya cikin ɗakin, ya sulale ya fita. Daga baya Lupton ya lura haka ya ke faruwa a gida bayan gida, ya kuma ba da labarin cikin littafinsa Toxic Charity na 2011. Mutanen kirki sun zo da alheri, amma sun nuna wa yara a gaban uwarsu cewa ubansu ya kāsa.

Mu Hausawa muna da kalmar da ta dace da wannan. Idan muna yi wa mutum addu'a mu kan ce Allah ya rufa masa asiri. Mun san mai gida ya kan jure yunwa da tsumma muddin ba a san halin da gidansa ke ciki ba, amma ran da asirinsa ya tonu, ran nan ya ke jin talaucinsa sosai. Saboda haka kyauta iri biyu ce. Akwai wadda ke rufa asiri, akwai wadda ke tona shi, ko da kayan da ke ciki iri ɗaya ne, kuɗinsu kuma ɗaya.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Cikin Littafin Firistoci sura 19 an umarci manomi kada ya girbe gonarsa har gefe, kada kuma ya koma ya yi kala, sai ya bar wa matalauci da baƙo. Ku lura, ba a ce ya ɗaure dami ya kai ƙofar matalaucin jama'a suna kallo ba. Matalaucin ne zai shiga gona ya tara da hannunsa, ya koma gida da abin da ya yi wa gumi. Bo'aza ya ƙara a kan wannan, cikin Littafin Rut sura 2. Ya gargaɗi masu girbinsa kada su kunyata Rut, ya kuma ce su riƙa zare zangarku daga dammuna da gangan suna yar mata. Da yamma ta koma wurin surukarta da sha'ir mai yawa, kanta a ɗage. Bo'aza ya yi kyauta babba, amma ya ɓoye ta cikin aikin Rut. Wani malamin Yahudawa, Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya jera matakan sadaka guda 8. Na ƙoli a wurinsa shi ne a taimaki mutum ya tsaya da ƙafafunsa. Mai bi masa shi ne sadakar da mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa kuma bai san mai bayarwa ba.

To, me Lupton da abokan aikinsa suka yi? Ba su daina tara kayan wasa ba. Suka roƙi masu bayarwa su kawo kayan wani kanti, aka sa musu kuɗi kaɗan ƙwarai, iyaye suka zo suka zaɓa suka saya. Wanda ba shi da ko wannan kaɗan ɗin, aka ba shi aiki cikin kantin ya sami abin saye. Da safiyar Kirsimati yaro ya karɓi kyautarsa daga hannun ubansa, shi ya kuma gode wa.

Mun san akwai masu gardama, gardamarsu kuwa tana da nauyi. Na farko zai ce, ashe ba rashin tausayi ba ne a karɓi kuɗi a hannun matalauci? Mun yarda akwai wanda bai kamata a karɓi kome a hannunsa ba, kamar mara lafiya, da tsohuwa mai riƙon jikoki, da wanda rikici ya kore shi daga garinsu. Irin waɗannan a ba su kyauta. Amma ko a nan ma ana iya kai kayan a ɓoye, a damƙa wa babban gidan, shi ya raba. Muhimmin abu shi ne hannun da yaro zai gani.

Na biyu zai ce, mai hidima ya sha sanyi ya sha gajiya, ashe laifi ne ya so ganin fuskar yaron da ya yi wa wahala? Murnar bayarwa ba zunubi ba ce, Allah ne ya dasa ta. Amma idan murnarmu ba za ta samu ba sai wani ya sunkuyar da kai, to, mun saye ta da mutuncin ɗan'uwanmu, ta kuwa yi tsada. Cikin Matta sura 6 Ubangiji ya gargaɗe mu a kan yin sadaka domin idon mutane, ya koya mana mu yi ta a asirce. Mu kan ɗauka wannan domin tsare zuciyar mai bayarwa daga girman kai ne kaɗai. Yana kuma tsare fuskar mai karɓa daga kunya.

Na uku zai ce, idan aka tsananta haka mutane za su daina bayarwa. Wannan haɗari ne na gaske, gama yaron da bai sami kome ba bai amfana da hikimarmu ba. Kada kowa ya fake da wannan magana ya rufe hannunsa. Abin da mu ke nema shi ne a bayar, a kuma ƙara wahala kaɗan a kan yadda za a bayar.

Ba Amurka kaɗai ke da wannan cuta ba. Mu ma mun taɓa yin kuskuren. Wata Kirsimati a wata ekklesiya muka tara atamfa da shinkafa domin gwauraye da marayu, muka kira sunayensu ɗaya ɗaya a gaban taro, wani yana ɗaukar hoto da waya. Muka tafi gida muna jin mun yi aikin Allah. Da shekara ta kewayo, wata uwa ba ta zo sujada ran rabon ba, ba ta kuma aiko kowa ba. Ta gwammace 'ya'yanta su sa tsofaffin tufafi da a sake tsai da ita a gaban jama'a. Laifinmu ne.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga shawararmu ga dattawan ekklesiya, da zumuntar mata, da matasa masu son hidima a Kirsimatin bana. Ku tambayi iyaye abin da 'ya'yansu ke bukata kafin ku saya. Ku kai kayan da dare ko da sassafe, mutum ɗaya ko biyu, ku ba uba ko uwa, ku tafi kafin yara su gani. Kada a karanta suna, kada a ɗauki hoto. Wanda ya ke so ya biya wani abu ko ya yi wani aiki, kada ku hana shi. Idan kuwa ran Kirsimati kuka ga yaro da sabuwar riga yana gaya wa abokansa cewa babansa ne ya saya masa, ku yi shiru, ku gode wa Allah cikin zuciyarku.

Ubangiji ya ba mu hannu mai bayarwa da baki mai riƙe asiri. Amin.