Zauren nan na wa ne?

Ran Asabar na ƙi hawa kabu-kabu, na shiga Birni da ƙafa. Ni haifaffen Damagaram ne, amma in ba hawan salla ba, ban cika leƙa unguwar ba. Na faro daga ƙofar fada, na bi lungunan da ke kewaya manyan duwatsun nan, ina kallon zanen da magina suka fitar a fuskar zauruka. A lakwal an koya mana cewa Sarki Tanimun ya ƙarfafa ganuwa, kuma nan ne babban birnin ƙasa kafin Faransawa su mai da shi Yamai a 1926. Ganuwar yanzu sai ɓurɓushi.

A wani lungu na tarar ana sauke bulon siminti gaban zauren da aka rushe rabinsa. Raina ya ɓaci. Na gai da tsohon da ke zaune kan tabarma, na ce, "Baba, wannan ai tarihinmu ne, don me za a rushe shi?"

Ya ce, "Samari, kai a ina kake kwana?"

Na ce gidan siminti.

Sai ya lissafa mini: kowace shekara kafin damina sai ya nemo kuɗin yaɓe, maginan da suka iya aikin sun ƙaranta, gara ta ci azara. Bara cikin dare ya kwashe jikokinsa cikin ruwa don soro ya fara zuba.

To, wa ya fi haƙƙi kan tsohon gida, mai kallo ko mai kwana? Ni ina son zauren ya tsaya, amma son nawa ba ya cin mini ko dala. Wani ke biya. Duk da haka ban yarda nasa ne shi kaɗai ba. In kowa ya rushe nasa, ƙannenmu sai a hoton baƙi za su ga Birni. Shi kansa bai musa ba cewa in bazara ta yi, ɗakin laka ya fi sanyi. A ganina, tunda na ce "namu", yaɓen ma akwai kasona a ciki, kuma ban taɓa kwaɓa laka ko kwando guda ba.

Na tambaye shi nawa yaɓen ke ci. Ya yi dariya, ya ce in dawo kafin ruwan fari da abokaina, ɗayan bangon na nan.