Akwatin da Na Yi wa Alama

Ina aji biyu a jami'a aka ɗauke ni aikin makonni uku, na tafinta da cike takardun tambayoyi, ga wata tawaga da ta zo duba ko wani shirin dashen itatuwa da aka yi da kuɗin ƙasashen waje ya amfani ƙauyukan da ke kewaye da Jibiya. Kullum da safe mukan bi hanyar Magama, mu wuce jerin manyan motocin da ke jiran tsallakawa Ɗan Isa, sannan mu saki kwalta mu shiga yashi.

A wani ƙauye aka kawo mana dattijo guda daga cikin waɗanda aka raba wa dashe. Na karanta masa tambayar yadda aka rubuta ta: shin ya gamsu da shirin? Ya dubi shugabar tawagar, ya dubi motar, ya ce, "Mun gode Allah, mun gode musu." Akwatuna biyar ne a gabana, na yi wa na farko alama: ya gamsu ƙwarai. Da baƙi suka tafi ganin rijiya sai ya miƙo mini ruwa, ya ce, "Ɗana, kai namu ne. Sai da damina ta kusa fita aka kawo dashen, kuma babu shinge. Abin da rani ya rage, awaki sun cinye." Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ya yi dariya, ya ce mutum ba ya zuwa daga nesa da kyauta a tare shi da ƙorafi.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: wa ke da hurumin cewa alheri ya yi amfani, mai bayarwa ko mai karɓa?

Ba na cikin masu raina aikin tantancewa. Kuɗin agaji harajin wasu talakawa ne a Turai ko Amurka, amana ce, kuma wanda aka ba amana dole ya yi bayani. Ma'aunan da ƙungiyar OECD ta fitar a 1991 ma masu hankali ne: ko shiri ya dace da buƙata, ko ya cim ma burinsa, ko an tattala kuɗi, wane tasiri ya bari, kuma ko zai ɗore. A 2019 aka ƙara na shida, wato jituwarsa da sauran shirye-shirye. Babu wanda zan soke a cikinsu. Damuwata ita ce bakin da ke tambaya da kunnen da ake kai wa amsa. Hausawa sun ce idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Dattijon nan ba ƙarya ya yi ba, ladabi ya yi, kuma ya san cewa wanda ya kushe kyautar bana yana iya rasa ta baɗi. Takardar tambayar ce ba ta san bambancin godiya da gamsuwa ba. Ni na sani, na yi shiru.

Sai kuma batun lokaci. Shiri yana da shekaru uku ko biyar, a rufe littafi, a ƙirga dashen da aka raba, a rubuta rahoto. Itace kuwa ba ya ba da shaida sai bayan shekara goma. Idan ya mutu, mai bayarwa ya yi asarar kuɗin da ya riga ya manta da su, manomi kuma ya yi asarar gefen gonar da ya ware da ruwan da 'ya'yansa suka yi ta ɗebowa. Wanda asararsa ta fi ciwo shi ne aka ba akwatuna biyar.

Abin da ya faru a ƙetaren wannan iyaka ya fi kowace hujja tawa ƙarfi. A jihar Maraɗi an shafe shekaru ana renon dashe ana rabawa, yawanci yana mutuwa. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne a zaɓi 'yan rassa a bari, a datse saura, a kare su. Manoma suka kira shi sassabin zamani, suka riƙa koyon sa daga maƙwabci zuwa maƙwabci, suna barin gawo da kalgo da sabara a gonakinsu. Sai bayan shekaru kusan 20, da masana suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, aka gane cewa kimanin hekta miliyan 5 na Nijar sun farfaɗo. Da an aiko irin tawagarmu a shekara ta uku ta ƙirga dashe, da ba ta sami abin rubutawa ba, domin babu abin da aka dasa. Ma'aunin da ke neman abin da mai bayarwa ya saya yakan wuce abin da mutane suka yi da kansu bai gani ba.

Ba ina cewa mai karɓa ba ya kuskure ba ne. Shi ma yana da son rai, kuma mai gari kan tura 'yan uwansa gaba idan baƙi sun zo. Amma hukuncin da aka yanke ba tare da ya sami damar cewa "a'a" cikin kwanciyar hankali ba, rabin hukunci ne. Ya kamata a tambaye shi bayan motar ta tafi, bayan kuɗin sun ƙare, kuma ta bakin wanda ba ya cin albashi daga shirin. Wannan sharaɗi na ƙarshe ni ma ya fitar da ni.

Bayan takardar nan fari ne fat, kuma biro yana hannuna. Layi biyu sun isa: an kawo a makare, babu shinge. Na yi tunanin za a ce na ɓata takarda, ko a fasa kira na a wani aikin. Da yamma na miƙa takardu talatin cif, aka yaba mini tsabtar aiki. Da kuɗin na sayi littattafan zangon karatu na biyu, suna nan a kan kantata har yau.