Masauki Biyu a Birnin Istanbul: Wanne Ya Dace da Matafiyi Musulmi?

 

Ya ku ƴan'uwa, wata tambaya ce aka kawo mana bayan sallar la'asar a nan Madawa, wadda da farko muka ɗauke ta ƙarama har muka yi murmushi, amma muka kwana muka tashi tana nan cikin zuciyarmu. Mai tambayar Alhaji ne daga cikin fataken albasa na fadamar Tarka, irin waɗanda ke loda manyan motoci su aika Abijan da Akara. Ya sauke farali tun shekarun baya, cinikin bana ya yi masa kyau, sai ya ƙudura niyyar kai uwargidansa birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, ɓangaren da ke cikin nahiyar Turai, su yi mako guda, su huta, su ga gari, su saro kayan ɗakin ƴarsu da za a aurar. Ɗansa ya nemo masa otel biyu a waya.

Na farko yana unguwar Fatih, cikin tsohon birni, kusa da kasuwar tufafi ta Laleli, inda ake jin kiran salla daga kowace kusurwa. Ba a sayar da giya a cikinsa. Sai dai tsohon gini ne, ba shi da na'urar hawa da mutane sama, ɗakin da ya rage kuma matsattse ne, a hawa na huɗu. Na biyu yana wajen dandalin Taksim, yalwatacce, mai tsabta, da na'urar hawa, amma akwai mashaya a ƙasansa, kuma kowane ɗaki da ɗan firjinsa cike da kwalabe. Bambancin kuɗi, in ji shi, yuro 60 ne kowane dare. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ke nan dare bakwai ya kama jaka 275. Ya ce: “Malam, wanne zan ɗauka?” Mun ga a fuskarsa ya riga ya san amsar da yake zaton za mu bayar, wato mai araha na kusa da masallaci, hatimin liman kawai yake nema. Ba mu buga masa hatimin nan take ba, kuma ga dalilinmu.

Iyayenmu na Adar ba su san wannan irin zaɓi ba, ko da yake sun fi mu tafiya. Wanda ya tashi daga Buza ko Keita cin rani, ko ya bi fatake Kano, Kumasi ko Sabon Ibadan, tambayarsa ita ce gidan wa zai sauka. Maigida ko fatoma shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in rigima ta tashi, in ajali ya same shi a can ya yi masa sutura. Baƙo kuwa yana kiyaye mutuncin gidan, domin duk abin da ya aikata labari zai riga shi isowa gida. A zangon nan akwai masallaci, akwai mai tashinka asuba, akwai idon da kake jin kunya. Otel bai san sunan ubanka ba. Ka biya, a ba ka mabuɗi, ka rufe ƙofa. Saboda haka nauyin da maigida ke ɗaukar wa baƙo a da, yanzu ya dawo wuyan matafiyi shi kaɗai, kuma tun daga zaɓin masauki yake fara ɗaukarsa. Wannan shi ya fitar da tambayar Alhaji daga sahun ƙananan tambayoyi.

Wani abin mamaki, garin da za shi yana da alaƙa da mafi darajar mai masauki a tarihin Musulunci. Lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya shiga Madina a shekarar hijira, 622 miladiyya, gidajen Ansar kowa na riƙe ragamar taguwarsa yana roƙon ya sauka a wurinsa. Bai fifita gidan mai dukiya ba, bai kuma ɓata ran kowa ba. Ya bar taguwa ta tafi har ta durƙusa a unguwar Banu Najjar, sai Abu Ayyuba Al-Ansari ya ɗauki kayansa ya shigar gidansa. Gidan bene ne. Annabi ya zaɓi ɗakin ƙasa, domin ya fi sauƙi gare shi da kuma masu zuwa ganinsa. Malaman sira sun kawo cewa wani dare tulun ruwa ya fashe a sama, Abu Ayyuba da matarsa suka tsane ruwan da mayafinsu don kada ya ɗiga wa baƙonsu, kuma Abu Ayyuba bai gushe yana jin nauyin zama bisa kan Annabi ba har sai da aka yi musanya. Wannan sahabi ya rasu a bakin ganuwar birnin nan zamanin Mu'awiya, yana tsoho cikin runduna. Bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Fatih ya ci birnin a 1453, aka gina masallaci a gefen kabarinsa, kuma har yau unguwar tana amsa sunansa, Eyub Sultan. Ku lura da dalilin ɗakin ƙasa: sauƙi. Za mu dawo kansa.

Mu fara da kuɗi, tun da nan hankalin jama'a ya fi tafiya. Jaka 275 ba wasa ba ce a ƙasar da ta ga yunwar 2005 da idonta, inda damina kan riski rumbuna da yawa babu komai a ciki. Aya ta 67 cikin Suratul Furƙan ta siffanta bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen ciyarwa. Amma ina tsakiyar take? Ba adadi ɗaya ba ne ga kowa. Abin da ya zama almubazzaranci ga malamin makaranta yana iya zama daidai ga mai motoci biyar. Daidai ruwa daidai tsaki. Don haka ba mu tambayi Alhaji nawa zai kashe ba, mun tambaye shi abin da ya bari a baya. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a fitar wa albasa zakkar amfanin gona kamar hatsi da dawa, kuma wannan ya sa wasu fatake suna zaton sun kuɓuta. Ba su kuɓuta ba: mai saye da sayarwa yana ƙiyasta hajarsa da kuɗinsa kowace shekara ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Mun tambaye shi ko ya fitar. Mun tambaye shi manoman da ya ɗauki albasarsu bashi, da masu dako, da matan da ke tsinta suna cika buhu cikin rana, ko an sallame su. Wanda hakkin lebura ke wuyansa, ko a otel mai araha ya kwana, da kuɗin wani ya kwana. Wanda ya sauke waɗannan duka, ba mu da hujjar haramta masa shimfiɗa mai laushi.

Sai maganar giya. Ya tabbata a hadisi cewa an hana mumini zama a teburin da ake zagaya giya a kansa. Hanin ya faɗa kan teburi da majalisi, kuma ba mu ga ikon faɗaɗa shi ya haɗiye gini mai ɗaki ɗari ba, in ba haka ba da jirgin saman da zai kai shi ma ya haramta. Duk da haka kada mu yaudari kanmu. Mutum ya wuce ƙofar mashaya sau goma a yini, kwana bakwai, ƙyamar da ke zuciyarsa tana raguwa ko bai taɓa kofi ba, kuma wannan ƙyama dukiya ce da ba a sayen ta a kasuwa. Dattijo mai iyali a gefensa ba ɗaya yake da saurayin da ya je shi kaɗai ba. Da ɗan ne zai yi tafiyar, da amsarmu ta fi haka gajarta.

Salla ma tana da nata lissafi. Matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya fita daga hukuncin ƙasaru a wurin malamanmu, zai cika sallarsa, Juma'a kuma ta hau kansa. Mai mako guda a Istanbul ba shi da uzurin cewa shi matafiyi ne. A nan otel na farko ya yi rinjaye, domin masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, tafiyar ƙafa ce daga Laleli, haka Aya Sofiya da aka mayar masallaci a 2020 ba ta da nisa. Amma adalci ya sa mu faɗa cewa tun 2021 akwai babban masallaci a dandalin Taksim kansa, wanda ya sauka can ba zai ce ya rasa jam'i ba. Mu ƙara da tunatarwa ga duk mai niyyar zuwa: mu nan mun saba ce wa alƙibla gabas, amma daga Istanbul tana kudu maso gabas ne. Kada al'ada ta sa mutum ya fuskanci mafitar rana ya yi mako yana salla a karkace.

Ya zuwa nan sikeli ya karkata ga otel na farko. Sai muka tambaye shi: “Alhaji, ya ƙafafun Hajiya?” Ya yi shiru. Ashe tana fama da ciwon gwiwa shekara da shekaru, ko salla a zaune take yin wasu. Hawa huɗu, ba na'ura, salla biyar a yini, ga kasuwa, ga kaya. Ma'anar wannan ita ce shi zai riƙa sauka yana samun ladan jam'i a Sulaimaniyya, ita kuwa za ta hau sau ɗaya ta zauna a ɗaki matsattse tana kallon bango, a tafiyar da aka ce dominta aka yi. A nan ne muka ga haɗarin amsar da ya zo nema. Akwai ƙwauron da ke sa rawani ya ce sunansa tsoron Allah. Mutum yana son riƙe jakarsa 275, sai ya sami masallaci kusa ya jingina rowarsa da shi, ya fita da sunan mai tsantseni, wahalar kuwa a gwiwar wani take. Ba mu ce haka zuciyar Alhaji take ba, Allah ne Masanin zukata. Mun ce dai ƙofa ce da Shaiɗan ke shigo wa mutanen kirki, domin ya san ba zai same su ta ƙofar mashaya ba. Uwar muminai A'isha ta ba da labarin cewa ɗabi'ar Annabi (S.A.W.) in al'amura biyu suka gitta masa ita ce ɗaukar mafi sauƙi, matuƙar babu saɓo a ciki. Kuma wanda ya ɗauko mace daga ɗakinta ya kai ta wata ƙasa, masaukin da ya dace da jikinta hakkinta ne a kansa, ba alfarma ba.

Ɗaya ɓangaren ma yana da tasa cutar, kada masu hali su ji mun ba su lasisi. Da yawa ba don hutu suke zaɓen babban otel ba, don hoto ne. A tsaya gaban fitilu da marmara a ɗauka, a tura WhatsApp, kafin magariba ya zagaye Madawa, ya isa wayar wanda bai ɗora tukunya ba. Abokin fatauci ya gani, baɗi shi ma ya ci bashi ya tafi. Mun ga yadda wannan gasa ta ɓata mana kayan aure, ba mu so ta bi mu har masauki. Gwajin mai sauƙi ne, kowa na iya yi wa kansa: da an ce ba wanda zai taɓa sanin inda ka sauka, da wanne za ka ɗauka?

Ga abin da muka ce masa. Ya sa ɗansa ya kira otel na farko ya tambaya ko akwai ɗaki a ƙasa ko a hawa na ɗaya, ko da za a ɗaga ranar tafiya, ko da za a ƙara kuɗi. In babu, ya duba maƙwabtansa a unguwar, domin birni irin wannan bai taƙaita ga gida biyu ba, waya ce ta taƙaita shi. In an samu, shi ne zaɓinmu, ya haɗa kusancin masallaci da nisantar giya da sauƙin iyali. In duk ba a samu ba, ya sauka na biyu ba tare da ƙuncin zuciya ba, da sharaɗin ya ce a kwashe kwalaben ɗakin tun ranar isowa, kada su ci abinci a teburin da ake sha, ya riƙe jam'insa a masallacin Taksim, hotuna kuma su tsaya tsakaninsa da iyalinsa. Ya yi raka'a biyu na istihara kafin ya biya. Muka ce kuma kafin istihara akwai shawara, wadda za ta hau benen kuwa ba a tambaye ta ba tukuna.

Bayan kwana biyu ya dawo mana da asuba. Ya ce ya tambaye ta, ta ce ita ba ruwanta da marmara, ba ta kuma iya hawa huɗu. Abin da take so a kai ta ta yi sallama a kabarin mai masaukin Annabi. Eyub Sultan yana bayan ganuwa kaɗan, maƙwabcin Fatih. Ɗan nasu yana can yana neman ɗakin ƙasa a wannan ɓangaren.