Hukuncin Haɗa Samfurin Jirgin Yaƙi

Samfurin jirgin yaƙi ƙaramin kwaikwayo ne na jirgin gaske, wanda kamfanoni irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan ke sayarwa cikin kwali, gunduwa-gunduwa, mai sha'awa ya haɗa da hannunsa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1:72, wato jirgin MiG-21 mai tsawon kusan mita 15 yakan dawo kimanin santimita 20. Ana yanke sassan robar, a liƙa su da gam mai narkar da bakinsu har su zama abu guda, a cike tsagin da ya rage, a goge, a fesa fenti, sannan a jiƙa tambura da ruwa a manna su a fiffike. Aiki ne na makonni, kuma Musulmin da ya shiga shi yakan tambayi matsayinsa a addini.

Ta fuskar hanin yin sura, amsar ba ta da wuya. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Jirgi ƙarfe ne, don haka siffanta shi bai shiga hanin ba. Inda maganar ke ɗan tsayawa shi ne ɗan mutum-mutumin matuƙi da kan zo cikin kwalin. A mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ke bi, surar da aka haramta ita ce ta mai rai, mai inuwa, wadda gaɓɓanta suka cika. Mai son kauce wa shubuha sai ya bar kujerar matuƙin babu kowa, kuma da yawan gwanayen harkar haka suke yi, don a ga maɓallai da ɗamarar kujera da suka sha wahalar fentawa da tsinken buroshi.

Tambayar da ta fi nauyi ta zuciya ce. Abin da ake ƙawatawa makami ne, an ƙera shi don kisa. Samfurin yana nuna sumul ɗin jiki da kyawun fiffike, ba ya nuna waɗanda bom ya faɗa wa. Jirgin Me 262 na Jamus, jet na farko da ya shiga fagen yaƙi a 1944, fursunoni da mutanen da aka tilasta wa aiki suna cikin waɗanda suka haɗa shi, kuma da yawansu sun mutu a kai. Dokar Jamus ta hana nuna alamar 'yan Nazi a bainar jama'a, shi ya sa kwalayen irin wannan jirgi da ake sayarwa a can kan zo babu wannan tambarin da ke wutsiyarsa.

A nan masu harkar suka rabu. Wasu na ganin cire alamar ƙarya ce ga tarihi, wasu kuma na ganin manna ta ɗaukaka zalunci ne. Hujjar farko ta fi ƙarfi idan samfurin na koyarwa ne, aka ajiye shi tare da bayanin wanda ya tuƙa jirgin da abin da aka aikata da shi. Ta biyun takan rinjaya idan kwalliyar falo kawai ake nufi. Robar da fentin ɗaya ne a duka biyun. Niyyar mai haɗawa da abin da ya sani game da jirgin su ne suka bambanta.