Ma'anar Mace a Doka: Hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya

Tambayar ko doka za ta ɗora ma'anar mace da namiji a kan halittar jiki, ko kuwa a kan jinsin da mutum yake ji a ransa cewa shi ne nasa, ta daɗe tana raba kan masana falsafa, amma ba ta zama abin gaggawa ba sai da ta shiga asibitoci da gidajen yari da ma'aikatun gwamnati. A Birtaniya, dokar 2004 ta ba wanda ya sauya jinsi damar samun takardar shaidar sabon jinsinsa, yayin da Dokar Daidaito ta 2010 ta haramta nuna bambanci saboda jinsi. Rigima ta taso ne bayan majalisar Sikotland ta yi doka a 2018 wadda ta nemi mata su riƙe rabin wasu kujerun hukumomin gudanarwa, gwamnatin Sikotland kuma ta ce masu waccan takarda suna cikin lissafin, abin da ya sa ƙungiyar For Women Scotland ta garzaya kotu.

A ranar 16 ga Afrilu, 2025, alƙalai 5 na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci baki ɗaya cewa kalmar mace a dokar 2010 tana nufin wadda aka haifa mace. Daga cikin hujjojinsu akwai cewa sassan dokar da suka shafi juna biyu da haihuwa ba sa karɓar wata fassara, kuma da yake takardar shaidar sirri ce, mai kula da ɗakin kwanan mata a asibiti, ko gidan da matan da aka ci zarafinsu ke fakewa, ba ta da hanyar sanin wanda za ta buɗe wa ƙofa.

A nan ne tushen lamarin yake, domin dokar da ke raba haƙƙoƙi tsakanin jama'a tana buƙatar ma'aunin da kowa zai iya tabbatarwa, alhali abin da ke cikin zuciya mai shi kaɗai ya san shi. Malaman fiƙihu sun bi wannan hanya a mas'alar mata-maza, wato wanda aka haifa da alamomin jinsi biyu, inda suka dogara da alamomin jiki, idan kuma al'amarin ya rikice, Malikiyya suka ba shi rabin gadon namiji da rabin na mace, don kada a zalunce shi. Mas'alar ta bambanta da ta sauya jinsi, amma tana nuna cewa tsare iyaka da tsare mutunci suna iya tafiya tare.

Kotun Ƙolin ma ta jaddada cewa dokar 2010 tana nan tana kare waɗanda suka sauya jinsi daga wariya da tsangwama. Saboda haka nauyin da ke kan hukumomi biyu ne: su kira abu da sunansa a inda lafiya da sirrin mata suka rataya a kai, su kuma tanadar wa kowane ɗan Adam wurin da za a kula da shi ba tare da wulaƙanci ba.