FOM ƊIN APER SHAIDA NE, KUMA ZA A TAMBAYE KA A KANSA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati a Najeriya ya san fom ɗin APER, wannan takardar da aka daɗe ana cikewa a kan ma'aikata a ƙarshen shekara. Ma'aikaci ya rubuta ayyukan da ya yi, ogansa ya ba shi maki ya rubuta ra'ayinsa a kansa, a nuna masa ya sa hannu, sannan wani babba na sama ya tabbatar. Idan lokacin ƙarin girma ya zo, ana duba wannan makin. Bankuna da kamfanoni da makarantun kuɗi ma suna da nasu tsarin, suna ne kawai ya bambanta.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. A ofisoshi da yawa ba a tuna fom ɗin sai an ji ƙishin-ƙishin ƙarin girma. Sai mutum ya kwaso na shekara uku a rana ɗaya, ya cike da kansa, har gurbin da oga ya kamata ya cike, ya kai masa ya ce, "Ranka ya daɗe, sa hannu kawai." Wanda ke zuwa ƙarfe takwas da wanda ba a ganinsa sai ranar albashi, duk makinsu ɗaya. A wani ofishin kuma fom ɗin ya zama bulala: oga ya haɗiye haushinsa wata goma sha ɗaya, ranar cike fom ya rama.

Ina so mu kalli lamarin nan da idon addini, domin da yawanmu mun ɗauka harkar boko ce zalla.

Bibiyar aikin ma'aikaci sunna ce. Imamul Bukhari ya ware babi guda a Kitabul Ahkam a kan shugaba ya yi wa ma'aikatansa hisabi. A ciki ya kawo ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya tura karɓo zakkar Banu Sulaim. Da ya dawo, Annabi ya zaunar da shi aka yi lissafi, sai ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi (SAW) ya nuna masa cewa da a gidan iyayensa ya zauna, da babu mai kawo masa kyautar nan. Sannan ya hau mimbari ya gargaɗi jama'a a kan ɗabi'ar, bai kama sunan mutumin ba. Ka ga an duba aiki, an faɗa wa mai laifi laifinsa a fuskarsa, an kuma karantar da saura.

Kai oga, lokacin da ka ɗauki biro za ka ba wani maki, shaida kake bayarwa. Hukumar da za ta yi masa ƙarin girma ba ta san shi ba, da idonka take ganinsa. Allah Ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 135, da mu tsayar da shaida saboda Shi ko da a kan kanmu ne ko iyayenmu ko danginmu, mai kuɗi ne ko talaka. A Suratul Ma'ida, aya ta 8, Ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Aya ɗaya ta toshe ƙofar son kai, ɗayar ta toshe ƙofar ramuwa. Kuma kun san hadisin Abu Bakrata a Bukhari da Muslim: da Annabi (SAW) yana lissafo manyan zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa.

Mutane sun fi gane zaluncin rage wa mutum maki. Wanda ba su gane ba shi ne na ƙarawa. Sai ka ji an ce, "Ai ba na son in zama sanadin hana wani cin abinci." Niyyar tana da kyau, amma duba inda take ƙarewa. Gurbin ƙarin girma ƙidayayye ne. Idan ka ɗaga malalaci, ka danne mai ƙoƙari ke nan ko da ba ka taɓa fom ɗinsa ba. Malamin firamaren da ba ya shiga aji ka rubuta masa yabo, gobe ya zama hedimasta, yara ɗari nawa za su biya kuɗin tausayinka? Ma'aikaciyar jinyar da ke barin marasa lafiya cikin dare ka rufa mata asiri a takarda, ranar da aka rasa rai kana da kaso. Shi kansa wanda ka yi wa alfarmar ka cuce shi, domin ka hana shi sanin inda zai gyara.

Wasu kuma suna tambayata: Malam, rubuta aibin mutum a fom ba gulma ba ce? A'a. Imamun Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum, kuma nasiha ga mai neman shawara tana ciki. Fatima bintu Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) a kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya faɗa mata matsalar kowanne a fili. Sharaɗin shi ne ka faɗi abin da ya shafi aikin, gwargwadon buƙata, ga wanda ke da hakkin ji. Makararsa da jinkirin fayil a teburinsa sun shafi aiki. Rigimarsa da matarsa, da ƙungiyar addinin da yake bi, da garin da ya fito, babu ruwan fom da su. Idan kuma ka fito da abin da ka rubuta kana ba da labari a majalisa, to nan gulma ta fara.

Yaya ake yin sa daidai? Dubi Sayyidina Umar (RA) da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, gwamnan Kufa. Mutanen Kufa suka kai ƙararsa, har suka ce bai iya sallah ba. Sa'ad fa, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna! Umar bai ce wannan ya fi ƙarfin a bincike shi ba. Ya kira shi da alkunyarsa, Abu Ishaƙ, ya faɗa masa abin da aka ce, ya saurari amsarsa, ya nuna masa kyakkyawan zaton da yake yi masa. Sannan ya tura a bi masallatan Kufa ɗaya bayan ɗaya ana tambaya. Ko'ina yabo ake yi, sai a masallacin Banu Abs mutum guda ya tashi ya yi suka. Umar ya sauke Sa'ad daga Kufa, amma da ajali ya zo masa, ya sa shi cikin mutum shida na shura, kuma ya bayyana wa jama'a cewa ba don gazawa ko ha'inci ya sauke shi ba. Bai yarda ya bar duniya da tabo a sunan ma'aikacinsa ba.

Daga nan, ya kai shugaba, kada ka rubuta abin da ba ka bincika ba. "An ce" ba hujja ba ce, aya ta 6 a Suratul Hujurat ta isa gargaɗi. Kada ma'aikaci ya fara jin laifinsa ranar cike fom. Wanda ya yi kuskure a watan Maris, a watan Maris ya kamata ya ji. Ku zauna ku biyu, ƙofa a rufe, waya a ajiye. Fara da abin da ya yi daidai, da gaske, domin shi ma hakkinsa ne. Idan ka zo gyara, kama aikin da sunansa. "Ba ka da kirki" zagi ne. "Rahoton wata-wata ya makara sau huɗu, me ya faru?" wannan gyara ne. Lokacin da Mu'azu bin Jabal ya ja wa mutanensa sallar isha'i da Baƙara har wani ya fice ya kai ƙara, Annabi (SAW) ya tsawata masa, sannan ya ambata masa surorin da zai riƙa karantawa, irin su Shamsi da A'ala da Laili. Ya fita ya san abin da zai yi gobe. Kuma ka tambayi ma'aikacinka me ya rasa. Wanda ba ka ba shi kayan aiki ba, ko ake bin bashin albashinsa, ka fara auna kanka kafin ka auna shi.

Kai kuma ma'aikaci, ranar zaman nan ba ranar yaƙi ba ce. Ka je da lissafin abin da ka yi, kada ka ƙara, kada ka saka aikin abokinka cikin naka. Idan aka faɗi kuskurenka, bari a gama magana. Abu Zarri (RA) ya nemi Annabi (SAW) ya ba shi muƙami, Annabi ya dafa kafaɗarsa ya faɗa masa cewa shi mai rauni ne a wannan fagen, kuma abin amana ne. Wa ya ruwaito mana wannan a Sahihu Muslim? Abu Zarrin da kansa. Mu kuwa a yau, oga ya ce ka gyara rubutun wasiƙa, sai ka daina gaishe shi, ka ce ƙabilanci ne.

Idan kuma an zalunce ka da gaske, addini bai ce ka yi shiru ba. Ka rubuta rashin amincewarka cikin ladabi, ka kawo hujja, ka bi matakan da dokar aiki ta tanada. Abin da ba ya halatta shi ne ka kai buhun shinkafa gidan oga ana gobe cike fom. Shi da ya karɓa ya tuna Ibnul Lutbiyya, kai da ka kai ka san sunan abin a shari'a.

'Yan'uwa, dukkanmu akwai ranar da za a miƙa mana littafin aikinmu, babu oga mai alfarma, babu cike na shekara uku a dare ɗaya. Sa hannun da ka yi wa wani a ofis yana cikin abin da za ka tarar a ciki. Wanda ya san ya taɓa danne wani da biro, ya neme shi ya gyara tun ana iya gyarawa.

Allah Ya sa mu riƙe amana, Ya halatta mana abin da muke ci, Ya yi mana hisabi mai sauƙi. Wallahu a'alam.